Aikin Dare a Tromso

Mako biyar ke nan rana ba ta leƙo garin nan ba.
Ukun dare da ukun yamma
kamarsu ɗaya, sai agogo ke raba gardama.

Ni ce Torunn, mai karanta zane.
Wayoyi takwas na manna a kan Eilif,
bakwaini, kwance cikin kwalba,
bai kai nauyin kifi guda ba
cikin waɗanda ubansa ke jawowa daga teku.

Allo ya yi tsit.
Layuka sun miƙe sambal, ba ko gargada.
Na ƙirga a zuci: ɗaya, biyu, har tara.
Sai ga su sun zabura gaba ɗaya,
kamar tsuntsayen gaɓa da aka watsa wa hanjin kifi,
suka yi caa,
suka lafa.
Tsit kuma.

Ingunn ba ta runtsa ba tun Talata.
Ta ce, "Tashin na gane. Shirun nan fa?"
Na ce shirun ma nasa ne.
Can ciki, ƙarƙashin ƙoƙon da bai gama haɗewa ba,
ƙwayoyin jijiya dubu bisa dubu
sun sauka a unguwar da ba wanda ya san wani.
Ɗaya ta yi kira cikin duhu.
Waɗanda suka amsa tare, su ne maƙwabta.
Sai a dakata, a saurara, a sake kira.

Zumunta a ƙafa take, ko a nan.
Turbar da aka taka ta zama hanya,
wadda aka ƙyale
dusar ƙanƙara ta shafe ta kafin asuba.

Idonsa a rufe, bai taɓa ganin fuskar kowa ba,
amma a bayan idon igiyar ruwa na kai da kawo,
yana bitar gani
tun ba a ba shi abin kallo ba.
Ɗan yatsansa ya yi zillo cikin barci.
Ƙiftawar ido, layi na huɗu ya amsa,
kamar mai tambaya: wannan na wane ne?
Af, ashe nawa ne.

Huɗu saura kwata Halvard ya bugo daga jirgi,
iska na yayyaga masa magana.
Ingunn ta zura hannu ta ƙofar kwalba,
ta tallafi tafin ƙafar da bai kai babban yatsanta ba,
ta ce, "Yana nan. Yana ta aiki."
Allo ya sake caa.
Ta dube ni, tana so in ce ya ji uban.
Ban ce ba.
Shekara sha tara ina gaban allon nan,
na san tsawon kira, na san tazarar shiru,
abin da suke faɗa wa juna ne ban sani ba.

Ban kuma gaya mata cewa
a ƙetaren gada, gidan tsofaffi, ɗaki na shida,
akwai wanda ya koya mini ɗaurin ƙugiya,
yanzu nasa hanyoyin ke rufewa ɗaya bayan ɗaya.
Ran Lahadi ya kira ni da sunan ƙanwarsa.
Na amsa.
Kira dai ai amsa yake nema.

Bakwai ta yi. Gari ya waye a agogo kawai.
Motar share titi ta wuce tana gurnani,
shayina ya huce tun tuni.
Na ɗauki biro na cike takardar likita:
shiru mafi tsawo a daren nan, daƙiƙa tara.
Makon jiya, sha huɗu.

Na gyara wayar da ta zame masa bayan kunne.
Ya yamutsa fuska,
layuka takwas suka tashi tare.